Audugar Mastro Loizos

Faɗana na farko da Mastro Loizos a kan allura muka yi shi, kuma ni na yi nasara. Gara in faɗa tun yanzu, don daga nan ba ni da sauran abin taƙama a labarin.

Loizos shi ne mai katifa na ƙauyenmu Kalorema da ƙauyuka shida na gindin dutse. Mastro muke ce masa, wato gwanin sana'a. Gajere ne, gashin bakinsa ya fi kafaɗarsa faɗi, kullum akwai ƙurar auduga a girarsa, shi ya sa ya yi kama da tsoho tun yana saurayi. Ranar Asabar, jajibirin aure, shi ke shiɓe audugar amarya a tsakar gida, mata bakwai su ɗura su ɗinke, su sa jan gicciye a kusurwa huɗu, mai goge yana ja musu. Sharaɗin ɗaya ne: mai ɗinkin katifar amarya sai wadda aurenta ɗaya, mijinta kuma yana da rai. Ni kuwa na riga na binne na fari, ina kan gwada na biyu, Yangos, tsohon ɗan sanda wanda bai taɓa kama kowa ba sai mura.

Ranar katifar 'yar maƙwabciyata na shige cikin mata na zura zarena. Loizos ya jingine bakan shiɓarsa ya ce in tashi in bar gidan, hannun da ya rufe idon miji ba ya taɓa shimfiɗar amarya. Na juya na ce wa mata su yi mana shari'a. Shekara tara marigayi yana kwana a tabarma, ko tari bai taɓa yi ba. Muka yi katifa wajen Loizos, bai ga hunturu biyu a kanta ba. In mai kashe maza za a kora daga gidan nan, to a fara da mai gashin baki. Mai goge ya yi dariya har ya ɓata waƙa. Matar limamin coci ta raba gardama, ta ce allura ta masu miji ɗaya ce, ɗurin auduga kuwa na Hariklia ne, wato ni. Shekara guda cur ƙauye yana kiran katifunsa makara, shi kuma in ya hango ni sai ya sake hanya, jakinsa na biye.

Mutum ne da ba ya son magana ta yi tsawo. Yana yi wa limami katifa, yana yi wa ɗan sanda, yana yi wa Turkawan ƙauyen tsallaken rafi, kowa ya ba shi abinci ya ci ya gode. Wasu na cewa matsoraci ne. Ni na ce mutumin da matarsa ta mutu ta bar masa ɗa guda, ya rene shi a kan jaki tsakanin buhunan auduga, yana da dalilin tsoro. Zenon sunan ɗan. Ya tashi ƙato, magini, mai nauyin baki kamar ubansa. Abin da kawai na taɓa gani ya ɓata masa rai shi ne karkataccen bango.

A shekarar alif ɗari tara da hamsin da biyar aka fara tayar da bama-bamai a tsibirinmu na Kubrus. Samari suka hau dutse don su kori Ingila. Rediyon gwamnati yana ce musu 'yan ta'adda, mu muna cewa yaran dutse, da ƙaramar murya. Mai tura su daga ƙauyenmu Malam Solon ne, malamin makaranta, siriri mai tabarau, wanda in ya fara maganar kakanninmu na shekara dubu biyu sai ka rantse da shi aka yi. A ɗakin bayan coci yake rantsar da su a kan Littafi. Zenon yake so, don magini ya san yadda ake gina maɓoya a cikin bango. Kusan kowane mako yana tsakar gidan Loizos. Loizos ya dafa masa gahawa, ya ɗauki baka ya yi ta bugun tsirkiya, ya ce Malam ya yi haƙuri, ƙarar sana'a ta cinye masa kunne. Gidana da nasu katanga ɗaya ce, kuma ni kunnena lafiya lau.

Sai yaran dutse suka yi wa Malam ɓarna da hannunsu. Wata Lahadi bayan an fito daga coci, mutum biyu da fuska a rufe suka shiga shagon gahawa suka harbe Fiyeris mai gadin gonaki, kofi na hannunsa. Wai yana kai wa Ingila rahoto. Duk mun san Fiyeris. Surutu ne da shi, ba sirri ba, kuma ya yi rigima da wani a kan rabon ruwan ban gona. Zenon ne ya ɗauki gawar, shi ya gina kabarin. Daga ranar ƙauye ya yi sanyi. Biyu daga waɗanda suka yi rantsuwa iyayensu suka sa su a jirgin ruwa. Wata takwas Malam bai sami ko mutum ɗaya ba. Zenon ya gaya masa a bainar jama'a cewa ya gina kabari ɗaya saboda su, ya ishe shi.

Loizos bai yarda da sanyin nan ba, ya san ba ya daɗewa. Dabararsa ita ce aure. Namiji mai mata da gida da jariri a hanya, ƙafarsa tana yin nauyi. Ya nemo masa Miriyanti, 'yar wana, yarinya mai hankali wadda ba ta gado bakina ba. Aka sa Lahadi ta biyu bayan tsinkar inabi.

Ranar Alhamis Malam ya zo. Ina tankaɗe a jikin katanga, na ji komai. Ya ce bai zo neman ango ba, alfarma ce ƙarama. Ran Asabar za a ɗauki katifa da kiɗa daga gidan iyayen amarya zuwa sabon gida a unguwar ƙasa, za a wuce ta gaban shingen sojoji. Ba wanda zai taɓa katifar amarya. Ƙananan bindigogi biyu ne kawai. Loizos ya ce shekara talatin da biyar bai taɓa sa wani abu a katifa ba sai auduga. Malam ya miƙe ya kaɗe wandonsa.

"To, Mastro. Katifar dai ba taka ba ce. Zan tambayi mai ita, ɗanka."

Ban ji ƙarar tsirkiya ba har yamma.

Ranar Juma'a nakiya ta tashi da motar sojoji a kwanar da ke ƙasan ƙauye, biyu suka mutu. Su ma yara ne, ɗaya mai jajayen kumatu na taɓa miƙa masa ɓaure a shinge. Wana ya ce a ɗaga biki. Loizos ya ƙi. Ya ce kowace rana da aka ƙara, ta Malam ce.

Yanzu ga nawa laifin. Kakata ta koya min cewa ana tura 'yar wuƙa mai baƙar ƙota cikin katifar amarya, wajen kai, don maganin baki da mugun ido. Sharaɗinta kada a gaya wa kowa, in an faɗa ta zama ƙarfen banza. Miriyanti jinina ce, kuma zamanin ya lalace. Da nake ɗura auduga ran Asabar na naɗe wuƙar a tsumma na cusa ta can ciki. Masu miji ɗaya suka ɗinke a kai, ba su sani ba.

An gama gicciye na huɗu, maza sun fara ɗaukar katifa a kafaɗa suna rawa da ita ɗaya bayan ɗaya, sai muka ji motoci. Mai goge ya tsaya a tsakiyar waƙa. Kafin a sauke katifar tsakar gida ya cika da kaki. Maza aka jera su a bango ɗaya, hannu a kai, mata a ɗaya bangon. Hafsansu yaro ne dogo mai jajayen kunnuwa, da tafinta a gefensa. Amma ba shi muke kallo ba. Sajen muke kallo, ƙaƙƙarfa, idonsa ya kumbura. Daga baya muka ji ɗaya daga waɗanda suka mutu ɗan garinsu ne.

Suka zazzage akwatin amarya, suka soka ƙarfe a tulunan man zaitun, suka juye tukunyar alkamar biki. Mun saba ganin haka a wasu gidaje. Sai wani ya shigo da wata na'ura, faranti a bakin sanda da waya zuwa kunnensa. Ya bi bango da ita, ya bi murhu, ya zo kan katifa. Wajen ƙafa shiru. Wajen kai ta yi kuka.

Bindigogi suka ɗaga gaba ɗaya.

Loizos bai kalli sojoji ba, bai nemi Malam ba, wanda dama ya sulale tun da aka ji motoci. Ɗansa ya juya ya kalla. Kallon bai fi ƙiftawa uku ba, amma duk wanda ke gidan ya karanta shi. Zenon ya sauke hannunsa ɗaya daga kai.

"Baba, ni kake kallo?"

Ni da ake cewa ko a kabari sai na yi wa maƙwabta tsegumi, harshena ya manne. Na san abin da ke ciki, na kasa.

Loizos ya tako gaban hafsa. Ya roƙi tafinta ya gaya masa cewa katifar amarya ba a yanka ta, in an yanka an yanka auren. Ya ce a ba shi kwatan awa da allura, zai warware ɗinkin da hannunsa, su tsaya a kansa da bindiga, abin da aka samu a rataye shi a kai. Na ga hafsan yana jinjina maganar. Da na yi shiru, wataƙila da ya yarda. Amma a lokacin harshena ya saku, na fito na ce nawa ne, wuƙa ce, ni na ɓoye ta. Tafinta ya juya musu iya abin da na faɗa. Ya ce musu, tsohuwa ta ce an ɓoye wuƙa a ciki. Ban kai ga bayanin kakata ba saje ya zare wuƙar bakin bindiga.

Daga kusurwa zuwa kusurwa ya tsarge ta, ya sake tsargewa a gicciye. Suka yi ta yaye auduga suna watsarwa. Tsakar gidan a jiƙe yake da ruwan wankin alkama, farar audugar da Loizos ya kwana uku yana shiɓa ta koma taɓo a ƙarƙashin takalma. Suka sami tsumma, suka warware. Ga 'yar wuƙata, tsawon yatsa, ko cuku ba ta yankawa. Kunnuwan hafsa suka ƙara ja. Ya ce wani abu, sojoji suka fara juyawa za su fita, na ce a raina mun tsira da asarar katifa.

Saje ne ya tsaya. Taɓo ya kama masa takalmi, ya sunkuya ya yagi ƙyallen katifa ya goge. Ba na jin ya lura da abin da ke jikin ƙyallen. Kusurwa ce, da jan gicciyen da uwar Miriyanti ta ɗinka. Miriyanti ta yi wani ƙaramin sauti. Zenon ya bar bango, taku uku, ya ture saje da hannu ɗaya har ya zauna a cikin taɓo.

Ba zan ba da labarin dukan ba. Loizos ya faɗa kan ɗansa, suka janye shi kamar buhu. Suka jefa Zenon a mota. Aka sa mana dokar hana fita kwana tara.

Kada in yi ƙarya don labari ya yi daɗi. Kwana taran nan sun gajiyar da mutane da yawa. Awaki suna kuka a ɗaure, inabin da aka shanya ya ruɓe, na ji mata ta kan katanga suna tsine wa wanda ya binne nakiya. Akwai iyayen da suka kulle 'ya'yansu maza a ɗaki. Amma ranar da aka buɗe mu, samari uku ba su kwana a gida ba, kuma dukansu suna jikin bangon nan ran Asabar, hannu a kai, suna kallo.

Loizos ya tsince audugar daga taɓo da yatsunsa, ya wanke ta sau bakwai, ya shanya a rufin ɗaki. Da aka buɗe mu, kowace safiya ya hau jaki zuwa sansanin da ke bayan waya mai ƙaya, da burodi da zaitun a ƙulle, ya tsaya a ƙofa har rana ta karkata, ya dawo da ƙullinsa. Ni bai ce min komai ba. Na so ya zage ni. Na je har ƙofarsa na ce, Mastro, ga ni, faɗi abin da ke bakinka. Ya ce in matsa, ina tare wa auduga rana.

Kwana goma sha tara suka sako Zenon, ba su same shi da komai ba. Kunnensa na hagu ya mutu, yatsu biyu na hannun da yake riƙe cokalin gini sun karkace. Ya zauna a tsakar gida yana kallon bango. Loizos ya yi ta zagaya shi da magana, shi da ba ya magana. Ya ce auduga ta bushe, limami ya yarda da Lahadi mai zuwa, Miriyanti tana jira. Ya ce kallon da ya yi masa ran nan, tsoro ne ba zargi ba. Zenon ya ce ya ji. Loizos ya kwashe takalman aikinsa ya ɓoye a cikin tanderun burodi, ya zauna a bakin ƙofa yana gadi kamar kaza a kan ƙwai.

Ya manta da takalmin aure. Sabo fil, baƙi, yana ƙarƙashin gado.

Ranar Laraba da hantsi na ji su ta katanga. Loizos yana cewa ya tuna Fiyeris, ya tuna kabarin da ya gina, waɗanda suka kashe shi su ne a can sama. Zenon ya ce ya tuna.

"Na ce wa Malam a'a sau ashirin, Baba. Ga abin da a'a ta ba ni." Na san yatsun yake nuna masa. "A can suna ta tambayata sunaye, ban san ko ɗaya ba. Na yi ta addu'a a ce na sani, ko don dukan ya zama da dalili."

Loizos ya tare ƙofa da jikinsa. Zenon ya ɗaga shi, kamar yadda ake ɗaga yaro, ya ajiye a gefe, ya sumbaci hannunsa. Na leƙa na ga bayansa yana hawa ta cikin gonar zaitun, sabon takalmi yana masa ciwo, yana ɗingishi.

Shekara biyu da wata biyar Zenon ya yi a dutse. Sau goma sha ɗaya sojoji suka binciki gidan Loizos, kowane zuwa su tsarge katifarsa, har ya gaji da ɗinki ya sa mata maɓallai, in sun shigo ya ɓalle musu da kansa. Aiki ya ragu, ƙauyen Turkawa ya daina kiransa, shi ma ya daina zuwa. Duk ƙarar da ta tashi daga dutse sai ya ajiye baka ya tsaya.

Da manya suka sa hannu a takardar sulhu, yaran dutse suka sauko, aka ɗauke su a kafaɗa, ana buga ƙararrawar coci. Zenon yana cikinsu da ransa. Amma magana ta riga shi saukowa. An ce yana cikin ukun da aka aika suka harbe mai injin niƙa na ƙauyen gaba, shi ma wai yana kai rahoto. Loizos ne ya yi wa 'ya'yan mutumin nan mata katifun aurensu, su biyu. Bai tambayi ɗansa ba, ɗan bai faɗa ba. Jakin Loizos bai sake bin hanyar ƙauyen nan ba har ya mutu.

Miriyanti ta jira. Aka sake sa rana. Ran Asabar Loizos ya fito da buhuna, audugar nan ce ta dā, ta ɗan yi ruwan ƙasa. Na tsaya a bakin ƙofa, ban shiga ba. Ya ɗago ya gan ni.

"Hariklia, ɗurin naki ne, matar limami ta yanke. Amma buɗe hannuwanki in gani. Juya aljihun ma."

Na juya, mata suka yi dariya, ni kuwa na yi ta ɗura auduga ina share hanci da kafaɗa.

Malam Solon ya zo da lambar yabo a ƙirji. Bai taɓa kwana a dutse ba, amma yanzu shi ke zama a kujerar gaba. Ya sha kofi biyu na barasar inabi, ya fara lissafa wa maza cewa mutum goma sha ɗaya ƙauyen nan ya bayar, kowannensu shi ya farkar da shi da magana, shi ya ɗora hannunsa a kan Littafi. Yangos nawa, wanda har yanzu yake goge maɓallan tsohon kakinsa, ya ce Malam ya daina cika baki. Ba don matsin Ingila ba, da waya da dokar hana fita, da ƙauyen duka ya hau dutse. Tsoro ne ya zaunar da sauran, kuma da an ƙara shekara ɗaya da ba wanda ya saura a sama. Malam ya ce maganar ɗan sandan Ingila ke nan. Yangos ya miƙe. Maza suka rabu biyu, murya ta hau, mai goge ya rungume gogensa. Zenon yana zaune a gefe, ya juya lafiyayyen kunnensa wajen bango. Miriyanti tana kallonsa daga cikin mata, fuskarta ta yi fari. A cikin haya-hayar, Malam ya ja da baya ya taka gefen audugar da aka baza.

Tsirkiya ta tsaya. Shirun ne ya sa kowa ya juya. Loizos ya jingine baka ya ce:

"Yangos, kai ƙirga waɗanda tsoro ya zaunar, ni ɗa ɗaya gare ni, kuma na san abin da ya tayar da shi. Kai kuma Malam, shekara biyu kana zuwa gidana kana shanye min gahawa, ko jakina bai bi ka ba. Saje ya zo da wuƙa, kafin a ci abincin rana ya gama maka aikinka. In lambar nan ta mai tura yara dutse ce, cire ta a aika masa Ingila. Ɗaga ƙafarka daga kan audugata."